Wa ya ɗinka rigar ƙwallon da ke jikinka?

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karon sun karkata ne kan kayan wasanni, wato jesi da kambas da but da ita kanta tamaula, da kuma haƙƙin masu ɗinka su. Mun taƙaita tambayoyin, waɗanda suka yi kama da juna kuma mun haɗe su wuri guda.

Tambaya daga kyaftin ɗin wata ƙungiyar ƙwallo a wani ƙauye kusa da Ringim: An ce mini rigar Super Eagles ta asali ta 2018 dala 90 aka sayar da ita, amma wai wanda ya ɗinka ta da ƙyar ya samu dala ɗaya. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ina sauran kuɗin suka shige?

Kyaftin, wanda ya gaya maka bai yi nisa da gaskiya ba. Ƙungiyoyin da ke bin diddigin wannan sana'a sun daɗe suna ƙiyasta cewa ladan ɗinki ba ya wuce kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na farashin tufa a kanti. A rigar dala 90 ke nan, daga ƙasa da dala ɗaya zuwa ƙasa da dala uku. Shi ma ɗin ba aljihun mutum ɗaya yake shiga ba.

Nike ba ta da masana'antar ɗinka riga ko harhaɗa takalmi tata ta kanta. Adidas da Puma ma kusan duk kayansu kwangila suke bayarwa. Nasu shi ne zane da suna da talla. Masu ɗinkin kamfanoni ne da ba ka taɓa jin sunansu ba, irin su Pou Chen na ƙasar Taiwan, mai masana'antu a Biyetnam da Indunusiya da Sin. Kusan rabin takalman Nike a Biyetnam ake yin su yanzu. A shekarun 1970 a Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan ake yi. Da albashi ya tashi a can, ma'aikata kuma suka fara kafa ƙungiyoyi, sai aikin ya naɗe tabarmarsa ya nufi inda gumi ya fi araha.

Kada ka ɗauka irin telanku ne na bakin kasuwa, mai yanka yadi da kansa ya ɗinka riga daga wuya har gindi. Layi ne. Mata talatin ko arba'in a jere, kowace da kekenta, kowace da abu guda da za ta yi daga safe har yamma: wannan haɗa kafaɗa, waccan ɗora hannu, ta gabanta kalmasa gindin riga. An auna kowane aiki da daƙiƙa, an rubuta a allo yawan rigunan da layi zai fitar cikin awa. Wadda ta yi nawa, kaya za su taru a gabanta kowa yana gani, shi ya sa wasu ke ƙin shan ruwa don kada fitsari ya tashe su daga kan keke.

Ga lissafin da za ka iya yi da kanka. Mafi ƙarancin albashin masu ɗinki a Kambodiya a 2025 dala 208 ne a wata. Raba da kwana 26 na aiki, dala 8 ke nan a wuni. Sai mai ɗinki ta yi sama da kwana goma sha ɗaya ba ta ci ba ta sha ba kafin ta mallaki irin rigar da ɗaruruwa ke bi ta hannunta kullum. A Bangaladash taka 12,500 ne a kuɗin ƙasar tun ƙarshen 2023, kafin nan kuwa shekara biyar aka yi ana biyan 8,000.

Sauran kuɗin? Kusan rabi na kantin da ya sayar ne da haraji. Daga abin da ya rage ake fitar da kuɗin yadi, sufuri, ribar mai masana'anta, ribar mai suna, sai kuma talla, wadda ita ce babbar gwana wajen haɗiye kuɗi. A 2023 Adidas ta sabunta yarjejeniyarta da Manchester United a kan aƙalla fam miliyan 900 na shekara goma. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

A ganinmu tushen zaluncin yana wurin ciniki, tun kafin a taɓa keke. Mai suna zai zo da farashin da ya ga dama da ranar da yake son kaya, in mai masana'anta ya yi gardama akwai wasu ashirin da ke jira. In kaya suka makara a ci shi tara, ko a ce ya auna su ta jirgin sama da kuɗinsa. To ina zai matse? Ba zai iya rage kuɗin yadi ko na lantarki ba, sai ya juya kan ma'aikata. Ƙa'idar da su kansu manyan kamfanonin suka rubuta ta ce kada aiki ya wuce awa 60 a mako, wato 48 da ƙarin 12, da hutun kwana ɗaya cikin bakwai. Amma a 2012 sai da wata masana'antar takalman Nike a Indunusiya, PT Nikomas, ta amince ta biya kusan dala miliyan ɗaya ga ma'aikata wajen 4,500, kuɗin ƙarin lokacin da suka yi aka danne musu.

Tambaya daga wani malamin firamare a ƙasar Kazaure: Wai da gaske ne ƙananan yara ke ɗinka ƙwallon da ake bugawa a manyan gasa?

Malam, an yi haka, kuma labarin yana da darasin da ya wuce "eh" ko "a'a". Garin Siyalkot na Pakistan shi ne cibiyar ƙwallon ɗinkin hannu a duniya. Ƙwallo irin ta da ƙyalle 32 gare ta, 20 masu kusurwa shida, 12 masu kusurwa biyar. Ana huda gefensu da inji, sannan mai ɗinki ya maƙale biyu-biyu a wani katako tsakanin gwiwoyinsa, ya riƙa soka allura biyu da zare mai kaki yana ja da ƙarfi, suka kusan 700 kafin ta rufe. Ta ciki ake ɗinka ta, a juya, a saka balan-balan ɗin, a rufe bakin ƙarshe, wanda shi ne sai gwani. Mai hannu da sauri yakan gama uku ko huɗu a wuni.

Da yake jinga ce, kowace ƙwallo da kuɗinta, masana'antu sai suka riƙa miƙa wa dillalai buhunan ƙyallaye su raba gida-gida a ƙauyuka. Kuɗin kaɗan ne, don haka duk mai hannu a gidan sai ya zauna, har 'yan shekara takwas. A 1996 mujallar Life ta Amurka ta buga hoton wani yaro ɗan shekara 12 yana ɗinka ƙwallo mai tambarin Nike, duniya ta ɗauka. A Fabrairun 1997 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da UNICEF da majalisar 'yan kasuwar Siyalkot suka sa hannu a yarjejeniyar Atlanta: a daina ɗinki a gida, a mayar da shi cibiyoyin da aka yi wa rajista inda masu duba za su iya faɗowa kowane lokaci. A Mayun 1998 shugaban Nike na lokacin, Phil Knight, ya fito fili ya amsa cewa sunan kamfaninsa ya ɓaci, ya ce daga nan ba ɗan ƙasa da shekara 18 a aikin takalmi, ba ɗan ƙasa da 16 a aikin tufa.

Yara sun ragu ƙwarai a wannan sana'a. Sai dai akwai waɗanda gyaran ya taka: matan aure da ba sa fita, waɗanda da ma a tsakar gida suke ɗinkin tsakanin girki da reno, da yawansu sun rasa abin yi tun da cibiyar ta yi musu nisa. Duk wanda ya san zaman matan kulle a ƙauyukanmu ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Bangaladash ta ga wanda ya fi wannan muni. A farkon shekarun 1990, da aka gabatar da wani ƙudiri a majalisar Amurka na hana shigo da kayan da yara suka yi, masu masana'antu suka tsorata suka kori yara wajen 50,000 a ɗan lokaci. Ba makaranta suka tafi ba. Da yawa fasa dutse da tallace-tallace a titi suka koma. An sayar da kare an sayi biri. Sai a 1995 aka yi yarjejeniyar sa su a makaranta tare da ba su taka 300 a wata madadin abin da suka rasa. In za a cire yaro daga aiki, a fara tanadar kujerarsa a aji da abin da zai cike gurbin kuɗinsa a tukunyar gida, in ba haka ba an kawar da shi ne kawai daga inda ido ke gani.

Ƙwallayen gasar cin kofin duniya na yanzu, irin na 2014 da 2022 da kamfanin Forward Sports ya yi a Siyalkot ɗin, ba ɗinka su ake yi ba, da zafi ake liƙe su a inji.

Tambaya daga wata Hajiya a ƙasar Gaya: Ina raba wa mata wajen arba'in zare da yadin hula su ɗinka a gidajensu, in na kai birni na sayar sai na biya su. Ɗana ya ce ba ni da maraba da dillalan ƙwallon can. Ya yi mini adalci?

Hajiya, ya ɗan yi tsauri, amma tsarin iri ɗaya ne, kuma wurin da ake zamewa ma ɗaya ne. Ki duba abu na farko, wato "in na sayar". Wannan ya mayar da asarar kasuwa kan wadda ba ta da hannu a ciniki. Ita aiki ta sayar miki, ba hula ba. Ranar da ta miƙo hula kammalalliya ranar haƙƙinta ya tabbata, ko kasuwa ta yi kyau ko ta faɗi. Hadisin biyan ma'aikaci kafin guminsa ya bushe bai ce sai kaya sun fita ba. In jarinki ba zai ɗauki arba'in a haka ba, gara ki riƙe ashirin da za ki iya biya a kan kari.

Ki yanke kuɗin kowane zane kafin ki ba da zare, a gaban shaida, a rubuta a littafi: suna, zane, yawan zare, ranar karɓa, kuɗi. Ki faɗi tun farko abin da za ki kira aibi, kada sai hula ta zo ki fara neman tabo don a rage. Sannan ki raba kuɗin da kwanakin da aikin ya ci ki ga abin da ya faɗa wa wuni ɗaya. In bai kai kuɗin tiyar gero a 'yan kwanaki ba, kin san dalilin da zai sa uwa ta hana 'yarta zuwa makaranta don a gama da wuri. Tambayi wa ke ɗinkin a zahiri. Koya wa yarinya sana'a bayan an taso daga makaranta daban, ɗaure ta a kan allura da hantsi daban.

Tambaya daga wani ɗalibi a Birnin Kudu: To mu daina sayen kayansu? Ko mu tsaya a kan jabu na Kantin Kwari, tun da su ba ruwansu da manyan kamfanoni?

Jabu bai fi tsarki ba, ɗan'uwa. Masana'antar da ke ɗinka wa mai suna aƙalla tana da adireshi. Tun 2005 Nike ke wallafa jerin masana'antunta, wasu kuma suka bi sahu, don haka ana iya zuwa a ƙirga ƙofofi a tambayi albashi. Wanda ke buga tambarin sata ɓoye yake, ba mai leƙa shi, ba kuma wanda za a kama da kunya.

Ƙaurace wa kaya kuwa, su kansu ƙungiyoyin ma'aikatan ƙasashen ba su cika neman haka ba, domin in oda ta tsaya su ne farkon kora. An gani a 2020 lokacin korona, da manyan kamfanonin tufafi suka soke odar biliyoyin daloli, har da kayan da an riga an ɗinka. Mu nan da yawancin kambas ɗinmu daga dilar gwanjo suke fitowa, ƙauracewarmu ma ba za ta motsa lissafinsu ba. Inda kuɗinka ke da murya shi ne wurin telan garinku, ranar da ƙungiyarku ta je ɗinka jesi.

Tambaya daga wani ma'aikacin ƙaramar hukuma a Gumel: Kamfanonin nan suna cewa suna tura masu duba masana'antu kowace shekara. Me ya sa har yanzu ake jin gobara da rushewar gini?

Ranka ya daɗe, ai ka san yadda ofis ke zama ranar da aka ce baƙi na tafe daga Dutse. Haka abin yake. Galibi ana sanar da ranar zuwa, sau da yawa ma mai masana'antar ne ke biyan kuɗin dubawar. Kafin ranar an share hanya, an buɗe ƙofofin da kullum ke kulle, an raba takunkumi sabo fil, an ce wa masu ƙananan shekaru su huta a gida. Akwai littafin awanni biyu, na gaskiya da na nunawa. An bita wa ma'aikata amsar da za su bayar, ana kuma yi musu tambayar a cikin harabar, manaja na kai-komo a bakin ƙofa. Mai duban da ya san aikinsa ba ya tsayawa kan littafin awanni: yana gwada shi da littafin mai gadi, da takardar yawan kayan da layi ya fitar kowace rana, da takardar kuɗin wuta. In an ce ba a aiki ranar hutu amma ga kaya dubu sun fito a ranar, magana ta ƙare. Hira da ma'aikata kuma a unguwarsu ake yi, da yamma.

Ga shaida. A ranar 11 ga Satumban 2012 gobara ta kashe sama da mutum 250 a masana'antar Ali Enterprises a Karachi ta Pakistan, tagogi da ƙarafa, ƙofofin fita a rufe. Makonni kaɗan kafin nan aka ba ta takardar shaidar cika ƙa'ida. A ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza mai hawa takwas ya rufta a kusa da Daka, babban birnin Bangaladash, mutum 1,134 suka mutu. An ga tsagewa a jikin ginin tun ranar da ta gabata. Banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma masu ɗinki aka ce su koma ko su rasa albashin wata. Waɗannan biyun ba na kayan wasanni ba ne kai tsaye, amma tsarin kwangilar ɗaya ne.

Abin da ya yi aiki bayan nan shi ne yarjejeniyar kare gobara da gini ta Bangaladash, wadda kamfanoni sama da 200 suka sa wa hannu, har da Adidas da Puma. Bambancinta da alƙawuran baya: ƙungiyoyin ƙwadago na cikin masu sa hannu, ana iya gurfanar da wanda ya saɓa, injiniyoyi masu zaman kansu ke dubawa, ana wallafa sakamako, masana'antar da ta ƙi gyara kuma duk masu sa hannu su janye mata oda. Alƙawarin da ba a iya kai ƙara a kansa, ado ne kawai.

Haka yake a kuɗin sallama. A 2011 mai masana'antar PT Kizone a Indunusiya, wadda ke ɗinka wa Adidas da wasu kaya, ya gudu ya bar ma'aikata wajen 2,800 da bashin sama da dala miliyan uku. Adidas ta yi shekara biyu tana cewa ba ma'aikatanta ba ne. Sai da jami'o'in Amurka suka fara yanke kwangilarsu da ita, bisa matsin lambar ɗalibai, sannan ta sasanta a 2013. A 2014 kuma ma'aikata wajen 40,000 na kamfanin takalma na Yue Yuen a Sin suka shiga yajin aiki bayan sun gano ba a zuba musu cikakken kuɗin fansho. Ba mai duba ne ya gano ba, su ne. Yanzu wasu ƙasashe sun fara wajabta wa manyan kamfanoni a doka su sa ido kan haƙƙin ma'aikatan da ke yi musu kaya: Faransa a 2017, Jamus daga Janairun 2023.

Tambaya daga wani mai haɗa takalma a Wudil: Gam ɗin da muke liƙa tafin takalmi yana sa yarana jiri da ciwon kai. An ce a manyan masana'antu ma haka ne.

Haka ne, Malam, kuma kada ka ɗauke shi wasa. Abin da ke tashi daga gam ɗin ɗan'uwan abin da ke cikin sholisho ne, wanda ka san yadda yake mayar da masu shaƙarsa. Sunan babban sinadarin tolwin. A 1997 wani rahoton bincike ya fallasa cewa a wata masana'antar takalman Nike a Biyetnam yawansa a iska ya ninka abin da doka ta yarda har sau 177 a wani sashe. Bayan wannan tonon silili ne manyan kamfanoni suka koma amfani da gam ɗin da ake haɗawa da ruwa maimakon irin wannan sinadari a yawancin aikinsu. Wani sinadarin da ake samu a irin gam ɗin da kake amfani da shi yana kashe jijiyoyin hannu da ƙafa a hankali; alamarsa ta farko dindiris a yatsu.

Ka fitar da aikin shafa gam daga cikin shago zuwa rumfa, mai shafawa ya zauna iska na kaɗawa daga bayansa. Kada a bar babban gwangwani a buɗe. A ɗebi na awa ɗaya a ƙaramin mazubi mai murfi. A shafa da buroshi, ba da yatsa ba, kada kuma a wanke hannu da fetur. Takalman da aka shafa wa gam ana jira ya sha iska, a jera su waje. Takunkumin yadi ƙura yake tarewa, ba ya tare wannan tururi, sai mai gawayi a ciki. Ba wuta, ba taba, ba kwana a ɗakin da gam yake. Ƙaramin yaro kuwa a ba shi yanka da goge, gam na manya ne.

Tambaya daga wani mai sayen fata a kasuwar Maigatari: Fatunmu na shiga cikin but ɗin 'yan ƙwallo?

Da wuya, Alhaji. Yawancin but da kambas na yanzu roba ce da zaren leda, jesi ma daga man fetur ake samo zarenta, ba auduga ba. But masu tsada na da da fatar dabbar nan kangaru ta Ostareliya ake yi, Nike da Puma kuma sun sanar da daina amfani da ita a 2023. Fatar awakinmu da ke bi ta majemun Challawa da Sharaɗa da Bompai ta fi tafiya Italiya da Sifaniya, a yi takalman ado da jakunkuna. Amma tambayar haƙƙi na biye da ita: lebura da ke tsoma hannu a ruwan sinadarin jima ba safar roba, da manomin da ruwan majema ke gangarowa gonarsa ta kogin Challawa. Masu saye daga Turai sun fara tambayar asalin kaya saboda dokokinsu. A auduga ma an gani: tun Yunin 2022 Amurka ke tare kayan da ke da alaƙa da yankin Shinjiyan na Sin, mai samar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na audugar duniya, bisa zargin aikin tilas a kan Musulmin Uigur, zargin da gwamnatin Sin ke musantawa.

Tambaya daga wani tela a Ɗambatta: An ba ni kwangilar jesi seti 300, riga da wando, na gasar makarantu, a kawo cikin kwana 10. Kekuna huɗu gare ni da yara shida, biyu ba su kai shekara 15 ba. Ina son aikin, ba na kuma son in ci haƙƙin kowa.

Maigida, yau kai ne a kujerar mai masana'antar Biyetnam, don haka fara da wa'adin. Seti 300 a kwana 10 kamar 30 ne a wuni, amma ba kwana 10 gare ka ba. Cire wuni ɗaya na sayen yadi a Kwari, ɗaya na yanka, biyu na mai buga lamba da suna, ga Juma'a, ga ɗaukewar wuta. Ko ba a lissafa Juma'a da wutar ba, kwana shida suka rage, seti 50 ke nan a wuni, sama da 12 a kan kowane keke. Ka ɗinka seti ɗaya da agogo a gabanka, ka ninka, za ka ga ko zai yiwu ba tare da kwana a shago ba. In ba zai yiwu ba, yanzu ne lokacin magana: ko a ƙara kwanaki, ko a karɓi kaya kashi biyu, ko a ƙara kuɗin da za ka ɗauko wasu teloli. In za ka raba wa wani shago, ka gaya wa mai kwangila, ka kuma san nawa yaran can za su samu.

Kada ka taɓa almakashi sai an ba ka kafin alƙalami da zai sayi yadi duka ya kuma biya ladan makon farko, a rubuce, da ranar biyan ciko. Kwangilar da aka ce "in an fitar da kuɗi" ita ke sa maigida ya ci bashin gumin yaransa. A lissafinka ka sa ladan ɗinki a layinsa daban tun farko, kada ya zama abin da ya rage bayan an cire komai. Yadi mai faɗin inci 60 ka ƙiyasta ɗaya da rabi zuwa biyu a kowane seti gwargwadon girman yaran, ka ƙara yadi biyar a kan kowane ɗari saboda ɓarna. Wannan ƙarin ne zai hana ka huce haushi a kan yaron da ya yi kuskuren yanka. Yadin jesi yana miƙewa, allurar shadda tana tsallake ɗinki a kansa tana kuma huda shi. Nemi allura mai dunƙulallen baki, a bi gefuna da keken wibin, in ba haka ba rabin aikinku farkewa da sakewa ne.

Ta fuskar doka: mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai hau kan wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, bai kuma hau kan masu jinga ba, don haka ba zai kama ka ba, amma ma'auni ne mai kyau na gwada abin da babban yaronka ke tashi da shi a wata. Dokar ƙwadago ta yarda iyaye su ba da ɗan shekara 12 zuwa 16 koyon sana'a, a rubuce, kada ya wuce shekara biyar. Wanda bai kai 16 ba, ba ya wuce awa huɗu a jere ko takwas a wuni, ba a kuma sa shi aikin dare. Yankan lada a matsayin tara ba ya halatta; na ɓarnar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci ma sai da iznin jami'in ƙwadago. Ƙananan nan biyu su zo bayan makaranta su yi yankan zare da ninki da jera lambobi, su tafi gida kafin magariba, a kuma ba su nasu a hannu ko da ana cewa koyo suke.

In har sai an yi dare da manyan, a yanke kuɗin daren daban kafin a fara, kada a jera dare biyu. Janareta a waje nesa da taga, jarkar fetur nesa da tarin yadi, domin yadin leda narkewa yake ya manne a fata. Ƙofar shago a bar ta a buɗe, ko da ana tsoron ɓarayi. A sa mutum ɗaya ya zauna a bakinta.